Yadda ake gano abin da ke sa intanet ɗin kwamfutar tebur yana yankewa yana dawowa

Kwanakin baya wata mata mai shagon buga takardu a Harobanda, can wajen jami'a, ta aiko ƙanenta da akwatin kwamfuta ɗaure a bayan babur. Saƙonta gajere ne: reso yana tafiya yana dawowa, an yi wa kwamfutar forma, wato an goge ta an sake girka Windows, har sau biyu, ba abin da ya sake. Na haɗa ta a shagona ta wuni tana aiki, ko sau ɗaya ba ta yanke ba. Washegari na tsallaka gada na je wurin da kaina. Ashe kabul ɗin ta ƙarƙashin ƙafar kujera ya bi, duk sa'ad da yarinyar da ke buga takardu ta ja kujera sai reso ya ɗauke. An bar jaki ana dukan taiki, har an goge wa baiwar Allah takardun ɗalibai na wata da watanni a banza.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda wannan matsala ta dama da kada ya yi forma, kada kuma ya sayi komai, sai ya gano inda hanyar take tsinkewa. Daga kwamfutarka zuwa duniya zango huɗu ne: katin reso da ke cikin akwatin kwamfutar, kabul, modam wanda wasu ke kira rutar, sai layin kamfanin da kake biya. Kowanne cikinsu yana iya yankewa, kuma a idonka duk kamanninsu ɗaya: shafi ya ƙi buɗewa. Aikin shi ne a kama ɓarawon da kaya a hannu. Sunayen da zan ambata na cikin Windows da Faransanci zan kawo su, tunda yawancin kwamfutocin Yamai haka suke.

Fara da wayar hannunka

Lokacin da kwamfutar ta yanke, ɗauko wayarka wadda ke kan Wi-Fi na modam ɗin nan, ka kashe mata intanet na layi, ka buɗe wani shafi. In ita ma ta tsaya, kwamfutar ba ta da laifi, maganar tana ga modam ko kamfani. In waya tana aiki sumul kwamfuta kaɗai ta tsaya, to mun rage hanya da rabi.

Sannan ka samu ƴar takarda ka riƙa rubuta lokacin da abin ke faruwa. Da azahar ne in rana ta take? Bayan an bar kwamfutar ba a taɓa ta ba na ɗan lokaci? Sa'ad da aka kunna firij, ko mai walda na maƙwabta ya fara aiki? Ko kuwa sai ana sauke babban fayil? Mutane suna raina wannan takarda, amma sau da yawa kafin in kwance ko kusa ɗaya ta riga ta gaya mini inda zan duba.

Gwajin tagogi biyu

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta cmd, ka danna Entrée. Baƙar taga za ta buɗe. Rubuta:

ipconfig

Nemi layin da aka rubuta «Passerelle par défaut». Lambar da ke gabansa ita ce adireshin modam ɗinka. Galibi 192.168.1.1 ce ko 192.168.0.1, ƙananan akwatunan Huawei masu cin katin SIM kuma 192.168.8.1. Ka dubi adireshin kwamfutar kanta a layin «Adresse IPv4». In ka ga ya fara da 169.254, Windows ce ta ba kanta lamba saboda ta nemi modam ya ba ta bai amsa ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu a wannan taga rubuta, da lambar taka:

ping -t 192.168.1.1

Buɗe taga ta biyu kamar yadda ka buɗe ta farko, ka rubuta:

ping -t 8.8.8.8

Ta farko sallama take yi wa modam da ke cikin ɗakinka kowace daƙiƙa, ta biyu kuma tana yi wa wata na'urar Google da ke waje. Jera su gefe da gefe, ka ci gaba da aikinka. In komai lafiya, layuka za su riƙa saukowa da «Réponse de», kuma ta farko a kan kabul lokacinta ba ya wuce 1ms ko kusa da haka. Da zarar intanet ya yanke, ka waiwayi tagogin nan.

In ta farko tana amsawa, ta biyu kuwa tana cewa «Délai d'attente de la demande dépassé», katinka da kabul ɗinka lafiyarsu lau. Tsakanin modam da kamfani ne ake tsinkewa, sai ka kira su da hujjarka a hannu. In duka biyun suka tsaya tare, matsalar a cikin gida take: kati, kabul, ko modam ɗin kansa. In kuma ka ga «Défaillance générale», wannan yawanci alama ce ta cewa katin ne ya ɓace wa Windows na ɗan lokaci, ko hulɗarsa da kabul ta yanke gaba ɗaya. Akwai hali na huɗu mai ruɗa mutane: tagogi biyun suna amsawa, amma shafuka ba sa buɗewa. Wannan ba yankewa ba ce, mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne, wato DNS, yake gardama. Sai a sauya shi zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a saitin katin, a rubuta ipconfig /flushdns, shi ke nan.

In ka gama, danna Ctrl da C. Zai nuna maka saƙo nawa aka aika, nawa suka ɓata. Tsakaninka da modam a kan kabul bai kamata ko ɗaya ya ɓata ba.

Kabul, wanda ya fi kowa laifi

Bar tagar farko tana gudu, ka zagaya bayan akwatin kwamfutar. A bakin ramin da kabul ke shiga akwai ƴan fitilu, galibi biyu: ɗaya tana nuna an haɗu, ɗaya tana ƙiftawa in bayanai na wucewa. Kama kan kabul ɗin ka ɗan girgiza shi a hankali. In fitilar ta mutu ta dawo, ka kama ɓarawo. Yi haka a ɗaya bakin, wajen modam. Dubi ɗan harshen roban da ke riƙe kan a cikin rami. In ya karye, kan yana zamewa kaɗan-kaɗan ba tare da ya fita ba, kuma wannan ya ishe shi yanke ka sau goma a wuni.

Daga nan bi kabul ɗin da hannunka tun daga kwamfuta har modam. Inda ya bi ta ƙarƙashin ƙofar ƙarfe, inda aka danne shi da ƙusa a bango, inda ɓera ya ɗanɗana, inda ya bi ta saman kwano yana shan ranar watan Afrilu har robarsa ta bushe ta tsattsage. Kabul na cikin ɗaki ba a yi shi don rana ba. In dole sai ya bi ta waje, a zura shi cikin bututun roba, ko a sayi irin na waje. Tsawonsa kuma kada ya wuce mita 100 daga na'ura zuwa na'ura, haka ƙa'idar take. Kuma kada a ɗaure shi tare da wayar kuran a jere mai tsawo.

Akwai wata dabara da ke tona asirin kabul ba tare da na'urar gwaji ba. Danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, ka danna sau biyu a kan «Ethernet». Za ka ga «Vitesse» da «Durée». A cikin kabul akwai ƴan wayoyi 8, an murɗa su bibbiyu. Gudun 100, wato megabit 100 a daƙiƙa, yana aiki da huɗu kawai, amma gudun 1000 sai takwas ɗin duka sun cika. Saboda haka in katinka da modam ɗinka duk masu 1000 ne, amma ka ga 100, ko ka ga yau 1000 gobe 100, to akwai wayar da ta karye a ciki ko ba ta zauna daidai a kai ba. Katin yana ta ƙoƙarin hawa 1000 yana faɗowa, kuma kowace faɗuwa yankewa ce a wurinka. Ita kuwa «Durée» agogo ce mai ƙirga tun sa'ad da aka haɗu. In ka kunna kwamfutar tun safe amma ka ga minti 7, to minti 7 da suka wuce hulɗar ta tsinke ta sake ƙulluwa.

Hanya mafi sauri ita ce ka ɗauki kwamfutar ka kai ta gindin modam, ka haɗa su da gajeren kabul sabo na mita ɗaya ko biyu, irin wanda aka matse kansa tun daga masana'anta, ka kuma sa shi a wani ramin modam daban. In yankewar ta tsaya, dogon kabul ɗin ne. Wani lokaci sake matse kawunan biyu ya isa. Ga mai abin matsewa, jerin launukan da aka fi bi shi ne: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa, kuma iri ɗaya a kawuna biyun. Na sha ganin yaran shago suna jera launuka yadda suka ga dama, suna cewa ai muddin sama da ƙasa sun yi daidai ba komai. A mita biyu yana iya wucewa. A mita 40 kuwa shi ne wannan ciwo na tafi-ka-dawo, domin murɗin nan bibbiyu ba ado ba ne, shi ke kare saƙon daga hayaniyar lantarki.

In za ka sayi sabo, nemi Cat5e ko Cat6, ka kuma tambaya ko tagulla ce zalla. Kasuwa cike take da mai arha wanda cikinsa sanholo ne aka shafa wa tagulla a sama, a kwalinsa ana rubuta CCA. Kankare waya ɗaya da wuƙa: in cikin ya fito fari, shi ne. Yana saurin karyewa in an lanƙwasa shi.

Modam, zafi da kuran

A Yamai, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40 ba wasa, kuma sai ka tarar an ajiye modam a kan taga, ko cikin kabad, ko an lulluɓe shi da ƙyalle don ƙura. Taɓa shi. In ba ka iya barin hannunka a kai, sauke shi zuwa inda iska ke bi. Lokacin da aka yanke, dubi fitilunsa: in duk suka mutu suka sake kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, modam ɗin ne ke sake tashi da kansa. A nan abin zargi na farko shi ne ɗan cajan da ke ba shi wuta. Yawancinsu masu bolt 12 ne, kuma in sun tsufa ba sa iya riƙe nauyi, musamman in kuran ya yi ƙasa. Sauya shi da mai bolt iri ɗaya, amfa kuma daidai ko fiye, kada ƙasa.

Wani abin da ke faruwa a biro-biro da yawa: kwamfuta tana kan ondilar, akwatin batirin nan mai riƙe ta in kuran ya ɗauke, modam da suwic mai raba kabul ga kwamfutoci kuwa suna kan bango kai tsaye. Kuran ya ƙifta na daƙiƙa ɗaya, ko a juya zuwa janareta, kwamfutar ba ta ji komai ba, amma modam ya mutu ya ɗauki minti biyu kafin ya farfaɗo. Mai aiki sai ya rantse katin kwamfutarsa ne. Jona su duka a kan ondilar.

Windows mai tsimin wuta

In kabul da modam sun fita daga zargi, sai a shiga cikin kwamfutar. Windows da R, rubuta devmgmt.msc, buɗe «Cartes réseau», danna sau biyu a kan katinka. Galibi za ka ga sunan Realtek ko Intel. A shafin «Gestion de l'alimentation» cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tsimin wuta. Kwamfutar tebur ba batir take ci ba, wannan tsimi ba ya amfana maka komai, sai dai katin ya yi barci ya kasa farkawa da kyau. In takardarka ta nuna cewa yankewar tana zuwa ne bayan an bar kwamfutar shiru, kusan nan ne.

Koma shafin «Avancé». A cikin jerin akwai wani tsari da ake taƙaitawa EEE, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 2010, mai rage wa katin wuta in ba a aika komai. A katunan Realtek yana da ɗan'uwa mai suna «Ethernet vert» ko Green Ethernet. Kashe su duka. Tsarin ba shi da aibi a kan takarda, amma in ya haɗu da tsohon suwic ko modam da bai fahimce shi sosai ba, sai su riƙa sakin hannun juna. Katunan Intel masu gudun 2500, wato I225 da I226 da ke zuwa a kan wasu sababbin kwamfutoci, an san su da wannan yankewa, kuma kashe EEE da sabunta direba, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, na cikin abin da aka shawarci masu su da yi.

A nan ne kuma «Vitesse et duplex» yake. Bar shi a kan na atomatik. Kana iya tilasta shi zuwa 100 na ɗan lokaci don gwaji. In yankewar ta tsaya, ka ƙara samun shaida a kan kabul, ba ka warkar da komai ba. Sauran abubuwan da ke cikin jerin nan kuwa ka bar su yadda ka same su. Abu ɗaya ake sauyawa a gwada, sannan a je na gaba. Wanda ya juya guda goma a zama ɗaya gyaran gangar Abzinawa ya yi, ko ta gyaru bai san da me ba, in ta ƙara lalacewa bai san inda zai koma ba.

Direba, wanda a Faransanci ake kira «pilote», ba shi da dogon bayani. In matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, shafin «Pilote» yana da maɓallin komawa ga na baya. In ba haka ba, sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin, ka ajiye shi a kile na USB tun kafin ka cire tsohon, kada ka wayi gari ba reso ba direba. Manhajojin nan masu alkawarin sabunta duk direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ba na barinsu a kwamfutar kowa. Bayan kowane sauyi ka zaɓi «Redémarrer», ba kashewa da kunnawa ba, domin tun daga Windows 8 kashewar da aka saba ba ta sauke komai gaba ɗaya, tana adana wani sashe don saurin tashi.

Mutum biyu, lamba ɗaya

Mu koma kan adireshi. A biro mai kwamfutoci da yawa, sai wani ya sa wa na'urar buga takardu ko kyamara lamba da hannu, daga baya modam ya ba wata kwamfuta wannan lambar. Duk lokacin da aka kunna na'urar bugawa sai su fara kokawa, ɗaya ta faɗi. Rubuta eventvwr a tagar Windows da R, shiga «Journaux Windows», sannan «Système», ka dubi daidai lokutan da ka rubuta a takardarka. Lamba 4199 daga Tcpip na nufin karon adireshi. A katunan Intel da yawa, lamba 27 na nufin hulɗar kabul ce ta tsinke.

Ɗan'uwan wannan shi ne modam na biyu da wani ya jona don ƙara wa Wi-Fi nisa, bai kashe masa rabon adireshi ba. Sai a samu masu rabo biyu a gida ɗaya, yau kwamfutarka ta karɓa daga na gaskiya, gobe daga wanda ba shi da hanyar fita. In ka lura «Passerelle par défaut» tana sauyawa tsakanin lambobi biyu, je ka kashe rabon adireshin, wato DHCP, a na biyun. Wanda kuma yake ganin 169.254 jefi-jefi, ya gwada ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In lambar kirki ba ta zo ba, ko kabul ne ko modam ya daina rabo.

In har yanzu shiru, buɗe baƙar tagar da ikon mai gudanarwa, wato «en tant qu'administrateur», ka rubuta netsh winsock reset, sannan netsh int ip reset, ka sake tada kwamfutar. Windows 10 da 11 suna da «Réinitialisation du réseau» da ke yin kusan wannan aiki, sai dai yana goge kalmomin sirrin Wi-Fi da duk lambar da aka sa da hannu, saboda haka rubuta su tukuna. Cire kuma duk wata manhajar VPN ta kyauta da ba ka san wanda ya sa ta ba.

In da ɗan kile na Wi-Fi kake

Da yawa daga kwamfutocin tebur na hannu da ake shigowa da su ba su da Wi-Fi, sai a soka musu ɗan kile a baya. Ka duba inda yake zaune: bayan akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin tebur, jikin bangon siminti. Samo igiyar USB mai ƙara tsawo ka ɗago shi saman tebur. In yana aiki a kan zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, nisanta shi daga ramukan USB 3 masu shuɗin baki da faifan ajiya na waje, domin suna fitar da hayaniya a wannan zango. Kashe «suspension sélective USB» a saitin wuta. A modam kuma gwada tasha 1, 6 ko 11, ko ka koma zangon 5 GHz in na'urorin biyu suna iyawa kuma ba bango da yawa a tsakani. Amma gaskiyar magana, kwamfutar da ba ta motsi daga tebur, in da hali a ja mata kabul.

Sai a ƙarshe ake zargin katin

Kashe kwamfutar, zare ta daga bango, buɗe murfin. Bayan hunturu za ka tarar da jar ƙura ta yi kauri kamar bargo. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, domin a busasshen lokaci jiki yana tara lantarkin da ke iya kashe ƙananan sassa. Hure ƙurar da abin hura iska, kana riƙe da fanka don kada ta yi ta juyawa. Haska tocila cikin ramin kabul: ƴan ƙarafan nan 8 su kasance a jere, ba wanda ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa. In katin na sokawa ne, zare shi ka mayar ya zauna daram.

Don raba gardama tsakanin Windows da ƙarfe, tada kwamfutar daga kile mai Linux, wani tsarin aiki daban da Windows, kamar Ubuntu, ba tare da ka girka shi ba, ka bar ping yana gudu awa biyu ko uku. In a can ma yana yankewa da kabul mai kyau, katin ne. Wannan yakan biyo bayan damina: tsawa ta faɗi kusa, ƙarfinta ya biyo dogon kabul da aka ja daga gini zuwa gini, ta raunata katin ba ta kashe shi ba, sai ya riƙa aiki yana sumewa. Irin wannan ba ya gyaruwa, kuma in a jikin babban allon kwamfutar yake, ba a cire shi.

Ba sai ka sauya allon ba. Sayi katin reso na PCIe ka soka a ramin da ke sarari. In akwatinka irin siririn nan ne na biro, ka ce a ba ka mai gajeren ƙarfe, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Ko ka sayi ɗan adafta mai mayar da USB ramin kabul, ka zaɓi na USB 3 in kana son gudun 1000. Kashe tsohon katin a devmgmt.msc ko a BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, don kada Windows ta riƙa waiwayarsa. Sannan ka sake buɗe tagogin nan biyu, ka bar su tun safe har bayan la'asar, su ratsa daidai lokutan da takardarka ta nuna an saba yankewa, kafin ka danna Ctrl da C ka karanta adadin da ya ɓata.